Cokalin Mai da Kwanon Yaro: Jagora ga Uwargida a Wushishi

A ƙauyukan bakin kogin Kaduna, daga Wushishi har Zungeru, akan sami yaron da da zarar an kira magariba sai ya janye daga wasa, ya nemi gefen tabarma ya rakuɓe. In an miƙa masa kwano ya yi ta lalube, in ya tashi zai shiga ɗaki ya yi karo da turmi. Gari na wayewa kuma idonsa garau, kamar ba shi ba. Dundumi ke nan. Tsohon ciwo ne, har Misirawan dā sun san shi, sun kuma san hanta na warkar da shi tun ba wanda ya taɓa jin kalmar bitamin. Abin da ke cikin hantar shi ne bitamin A. Abin da ke ci mini rai shi ne, sau tari a gidan su yaron nan akwai zogale a jikin danga, ga gwanda a bayan ɗaki, ga kabewa a kan rumfa. Abinci yana nan. Man da zai ɗauke shi ya kai shi jini ne ya yi ƙaranci, ko kuma man yana nan amma an ƙone shi, ko ya tafi kwanon da bai kai na yaro bukatarsa ba.

Bitamin iri biyu ne. Akwai masu narkewa a ruwa, irin bitamin C na lemo da gwaba, waɗanda rararsu ke bin fitsari. Akwai kuma guda huɗu da ba sa narkewa sai a mai: A da D da E da K. Wannan hali nasu ya haifar da abu biyu da duk mai riƙe da ludayi ya kamata ta sani. In an ci ganye ba maiƙo, kaɗan ne daga bitamin ɗinsa ke shiga jiki. Sai maiƙo ya isa ƙaramin hanji sannan matsarmama ke sako ruwanta mai ɗaci, ya farfasa man ya koma mitsi-mitsi, kamar yadda sabulu ke yi wa kwanon miya, bitamin ya shige ciki, hanji ya tsotse. Sannan jiki yana da rumbun da yake adana su, wato hanta da kitse. Shi ya sa abin da yaro ya sha a lokacin mangwaro zai iya riƙe shi watanni. Shi ya sa kuma wanda ya yi ta haɗiyar ƙwayoyinsu ba ƙa'ida zai iya cutuwa, don rarar ba ta da ƙofar fita.

A 1913, a Jami'ar Wisconsin ta Amurka, Elmer McCollum da Marguerite Davis suna ciyar da ɓeraye don bincike, sai suka lura waɗanda aka sa wa man shanu ko maiƙon gwaiduwar ƙwai a abinci suna ci gaba da girma, waɗanda aka ba man zaitun kuwa sun tsaya cak. Daga nan aka gano bitamin A, daga nan kuma aka gane cewa mai suna ya tara. Wani mai yana ɗauke da bitamin ɗin a cikinsa, wani kuwa jakin dako ne kawai, sai an ɗora masa kaya daga ganye ko kabewa. Dakon ba ya bukatar mai da yawa. Giram 3 zuwa 5 a kwano ɗaya ya isa, wato ƙaramin cokalin shayi.

Mu fara da manja, don shi ne ya fi kowane mai da ke kasuwarmu arzikin wannan fanni, shi ne kuma muka fi zalunta. Jan da kike gani a cikinsa sinadarin karotin ne, wanda jiki ke juyawa ya zama bitamin A. Kilo ɗaya na ɗanyen manja yakan ƙunshi miligiram 500 zuwa 700 na wannan sinadari, ya ninka na karas sau da yawa. Ƙaramin cokali ɗaya na jan manja zai iya biya wa ƙaramin yaro mafi yawan bukatarsa ta yini. Amma me muke yi? Sai a ɗora tukunya a wuta mai ƙarfi, a zuba manja, a bar shi yana hayaƙi har makwabta su fara tari, ya yi fari tas kamar man gyaɗa, wai don a kashe warinsa. Da jan ya tafi, karotin ya tafi da shi. Abin da ya rage a tukunya maiƙo ne tsura, kuma ƙonanne.

Ga yadda za ki yi. Ki rage wuta. Da manjan ya narke ya fara motsi, ki jefa albasa. Ita ce za ta ɗauke warin, ta kuma sauke zafin man kafin ya kai ga hayaƙi. Ki biyo da jajjage nan take. A miyar taushe ko ta alayyafo ko faten wake ma ba sai an soya ba: a zuba manjan cikin ruwan miya yana tafasa, don zafin tafasasshen ruwa bai kai na man da ke hayaƙi ba, kuma mafi yawan karotin ɗin yana tsira. In maigida ya dage sai soyayyen manja, to ki ware ɗan cokali tun kafin ki ɗora wuta, in kin zuba wa yara abinci ki ɗiga musu a kai. Wannan ɗan cokalin shi ne zuciyar duk abin da nake son faɗa.

A wurin saye kuma a yi hattara. Mafi yawan manjanmu daga kudu ake kawo shi, yana bin hannuwa da yawa kafin ya iso Minna ko Wushishi, kuma hukumar NAFDAC ta sha jan kunne game da masu zuba masa rini mai guba don ya ƙara ja. Jan da ya wuce misali, mai ƙyalli kamar fenti, abin tuhuma ne. Ki riƙe mai sayarwa ɗaya da kika yarda da ita. Kwalbar da ta wuni a kan tebur rana na dukanta ta riga ta yi asara, domin haske yana cin karotin kamar yadda yake cin launin atamfa. A gida ki sa shi a mazubi mai murfi, a lungun da rana ba ta leƙawa.

Man gyaɗa na gida, wanda mata ke matsowa daga tunkuza, mai ne nagari, ya fi manja sauƙi ga zuciya, yana kuma da bitamin E. Sai dai a sani ba shi da bitamin A ko kaɗan. Shi ɗan dako ne. Amfaninsa a nan yana bayyana ne in ya haɗu da ganye, kuma a wannan fanni kakanninmu sun riga likitoci: kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli da ɗan mai, ko miyar taushe da kabewa da niƙaƙƙiyar gyaɗa, haɗi ne da babu abin gyarawa a cikinsa. Abu ɗaya zan roƙa, a tsince gyaɗa kafin a soya. Duk ƙwayar da ta yi hunhuna ko ta yanƙwane ko take ɗaci a jefar, kada a ba ko kaji, don tana iya ɗauke da gubar afalatoksin mai lalata hanta, kuma ƙuli-ƙuli ne ke riƙe mafi yawanta.

Man kamfani daban ne. Tun 2002 dokar Nijeriya ta wajabta a ƙara bitamin A a man girki da sukari da fulawa, kuma alamar hakan ita ce hoton ido da harafin A a tsakiyarsa a jikin jarka ko buhu. In za ki sayi na jarka, ki nemi idon nan tare da lambar NAFDAC. Matsalar ita ce yawancinmu a kwalba ko a ƙullin leda muke awo, daga durom ɗin da ba wanda ya san asalinsa. Irin wannan kada ki dogara da shi wajen bitamin A. Ki ɗauke shi ɗan dako kamar na gida.

Sai man kaɗe, abin alfaharin Jihar Neja, wadda ke kan gaba a Nijeriya wajen ƙwaran kaɗanya. Darajarsa ta kai har a watan Agustan 2025 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwara waje na wata shida don a riƙa sarrafa shi a gida. Tun kafin Turawa su sa shi a cakulan da man shafawa, Nufawa da Gwarawa da Hausawan wannan yanki suna miya da shi, kuma ba abin kunya ba ne a ci gaba. Kusan rabinsa kitse ne mai daskarewa, amma irin wanda bincike ya nuna ba ya ɗaga kwalastarol kamar na man shanu. Yana dakon bitamin ɗin ganye daidai da kowane mai. Bitamin A nasa na kansa dai bai taka kara ya karya ba, duk da abin da masu talla ke faɗa, don haka ba ya maye gurbin jan manja. Wanda za a ci kuwa daga tsintuwa ake gyara shi: a dafa ƙwara ba tare da an bar ta ta kwana biyu a jibge ba, a shanya ta bushe ƙarau, kada a busar da ita a hayaƙi, a kuma dafa man har ruwan cikinsa ya ƙone. Wanda ya riƙe ruwa shi ke saurin yin wari.

Man shanu kuwa yana ɗauke da bitamin A a shirye, ba sai jiki ya juya shi ba, kuma na damina, lokacin da shanu ke cin ɗanyar ciyawa, ya fi na rani launi da amfani. Ɗan lakuce a kan tuwon yaro alheri ne. Ludayi guda a kwanon dattijo mai hawan jini kuwa wani zance ne, za mu zo kansa.

Yanzu kwanon yaro. Farkon bitamin A da ɗan Adam ke samu a duniya yana cikin dakashi, ruwan nonon kwanakin farko mai kauri da rawaya. Rawayar nan karotin ne. Har yanzu akwai gidajen da ake matse shi a zubar wai ƙazanta ne, kuma duk lokacin da na ji haka sai gabana ya faɗi. A sa jariri a nono cikin sa'ar farko. Nono zalla har wata shida, shi kansa yana da maiƙon da ya isa. Daga wata shida ne ramin yake, don a nan muke komawa ga koko tsararo, ruwa da ɗan gasara, wanda ke cika ciki ba ya ƙosarwa. Cikin yaro ƙarami ne, dole abin da ke shiga ya zama mai nauyi. Giram ɗaya na mai yana ba da ƙarfin da ya ninka na giram ɗaya na hatsi fiye da sau biyu, kalori 9 a kan 4. Ki dama kunun da kauri, yadda zai zauna a cokali ba zai zube ba. Ki sa ƙaramin cokali na jan manja, ko babban cokali na niƙaƙƙiyar gyaɗa ko riɗi. Wata rana ki murje dafaffiyar gwaiduwa a ciki, wata rana dafaffiyar kabewa, ko dankalin Hausa mai jan ciki in an samu. Hanta kamar girman babban yatsa, sau ɗaya a mako, a dafa a daka, ta wadatar. Maganar cewa ƙwai na sa yaro sata, ko yana hana shi magana da wuri, ba ta da tushe, kuma ta hana yara da yawa abinci mafi arha da ke yawo a tsakar gidansu.

Ko da kin yi duk wannan, kada ki bari makon lafiyar mata da yara ya wuce ku. Sau biyu a shekara ma'aikatan lafiya ke ɗiga wa yara bitamin A a baki kyauta: shuɗiyar ƙwaya mai ma'aunin IU 100,000 ga ɗan wata 6 zuwa 11, ja mai IU 200,000 ga ɗan wata 12 zuwa 59. Asalin wannan shiri aikin wani likitan ido ne, Alfred Sommer, wanda ya je Indunusiya don ceton idanun yara, sai ya ga abin ya wuce ido. A binciken da ya wallafa a 1986 daga lardin Aceh, mutuwar yara ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku a ƙauyukan da aka raba ƙwayar. Dalili kuwa bitamin A ne ke kula da lallausar fatar da ta shimfiɗe cikin hanji da huhu, katangar farko da cuta ke tararwa. Shi ya sa yaron da ƙyanda ta kama ake ba shi sau biyu, yau da gobe, a asibiti. In ƙyanda ta fito, ko kin ga fari-fari kamar kumfar sabulu a farin idon yaro, ko idon ya bushe ba ya ƙyalli, kada a sa masa tozali ko ruwan wani ganye, kada kuma a jira ranar kasuwa. A kai shi asibiti a ranar. Idon da ya kai wannan matsayi yana iya lalacewa cikin 'yan kwanaki.

Bitamin D labarinsa ya sha bamban, don mafi yawansa fata ce ke ƙera shi in rana ta taɓa ta. Aikinsa shi ne buɗe wa sinadarin kalsiyam ƙofa daga hanji zuwa ƙashi. Ana iya cewa mu da rana ta ishe mu ba ruwanmu da wannan, amma ga yara masu gwame da lanƙwasassun ƙafafu da kumburin wuyan hannu muna gani. Likitoci a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, cikinsu har da Tom Thacher, sun bi diddigin abin, kuma a 1999 suka wallafa sakamakon gwaji a kan yara 123. Sun tarar kalsiyam ne ya fi ƙaranci a abincin yaran, wajen miligiram 200 kacal a rana, kuma waɗanda aka ba kalsiyam sun fi waɗanda aka ba bitamin D kaɗai warkewa. Daga baya har garin busasshen kifi da ƙayarsa suka gwada, ya kuma yi aiki. Wannan labari ne mai daɗi ga mutanen bakin kogi. Ƙananan kifaye da ake ci da ƙayarsu, a busar a daka a barbaɗa a miya ko kunu, da kindirmo, da garin kuka, su ne maganin da ke hannunmu. Matan da ke kulle kuma su samu ɗan lokaci da hantsi a tsakar gida, rana ta taɓa hannuwa da ƙafafu, musamman masu ciki da masu shayarwa. Ranar da ta ratso gilashin taga ba ta yin wannan aiki.

Bitamin E ba zan daɗe a kansa ba. Wanda ke cin gyaɗa da riɗi da manja yana samun isasshe, kuma ban ga dalilin kashe kuɗi a kemis a kansa ba.

Bitamin K kuwa dole in tsaya, don a nan rai ke tafiya a dare ɗaya. Shi ne ke sa jini ya daskare ya toshe rauni. Wani masani ɗan Denmak, Henrik Dam, ya fara lura da shi a 1929, da ya ga 'yan tsakin da ya hana wa maiƙo suna zubar da jini, kuma ya sami kyautar Nobel ta 1943 a kan haka. Babba yana samunsa a ganye, alayyafo da zogale da kabeji, ba kasafai yake rasa shi ba. Jariri ne ke zuwa duniya da ɗan kaɗan, kuma nono, duk da albarkarsa, ba shi da shi da yawa. Daga kwana na biyu zuwa na bakwai jinin jariri ya fi kowane lokaci wuyar tsayawa, kuma a daidai waɗannan kwanaki ne a al'adarmu ake kiran wanzami ya cire belu ko ya yi tsaga. Jinin da babba zai tofar ya manta yana iya ƙarar da jinjiri. Wani ma ba a taɓa shi ba, sai bayan makonni jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa. Rigakafin allura ce guda, miligiram 1 a cinya, ranar haihuwa. In a asibiti aka haihu, a tambayi malamar jinya kai tsaye: "Sista, an yi masa allurar bitamin K?" In a gida ne, a kai shi a ranar ko washegari, a haɗa da rigakafin farko. Belun kuma a bar shi inda Allah Ya sa shi. Ba ya hana shan nono, ba ya kawo amai. Wani abu ɗaya ga manya: wanda likita ya ɗora a kan maganin tsinka jini mai suna wafarin kada ya ƙara ko ya rage cin ganye farat ɗaya ba tare da ya gaya wa likitansa ba, don bitamin K yana ja-in-ja da maganin.

Na ce rarar waɗannan bitamin ba ta da ƙofar fita. Wadda abin ya fi shafa ita ce mai ciki. Bitamin A mai yawa, irin na ƙwaya, yana iya nakasa ɗan tayi, musamman a watannin farko, kuma iyakar da aka sa mata ita ce IU 10,000 a rana. Jar ƙwayar yara ta ninka wannan sau ashirin, don haka kada mai ciki ta kuskura ta sha. Hanta ma ta taƙaita. Gwanda da mangwaro da ganye da manja kuwa ta ci son ranta, domin jiki ba ya juya karotin sai gwargwadon bukatarsa. Haka nan kada a haɗa wa yaro man hantar kifi da wani sirof na bitamin da jar ƙwaya duka a lokaci guda don neman ƙiba.

To, mu koma ɗaya gefen tabarmar, wurin maigida. A gidaje da yawa saman miya, inda mai ya taso, shi ake fara kwashewa a kai masa, da tsokar da ta fi kitse. Girmamawa ce, ban raina ta ba. Amma mutumin da ya haura arba'in, wanda ya bar fartanya ya koma zaman shago ko ofis a Minna, jikinsa ba ya ƙone abin da yake ƙonewa a dā. Hunturu yana nuna mana man da za a yi taka-tsantsan da shi: duk wanda ya daskare a kwalba da sanyin asuba. Kitsen rago da na sa, man shanu, man alaidi, da manja wanda kusan rabinsa irin wannan ne. Yawan su yana ɗaga mugun kwalastarol, wanda ke taruwa a bangon jijiyoyi sannu a hankali har hanya ta ƙuntata, ƙarshenta ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Man gyaɗa da na riɗi da na waken suya da maiƙon kifi su ne suka fi dacewa da shi. Kifin kogin Kaduna, tarwaɗa ko karfasa, a gasa ko a yi farfesu, ya fi masa tsire mai kitse da kayan ciki nesa ba kusa ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada maiƙo ya wuce kashi 30 cikin 100 na ƙarfin da babba ke samu daga abinci, mai daskarewa kuma kada ya kai kashi 10. Ga mai cin kalori 2,000 a rana, wannan bai wuce giram 67 ba, kusan babban cokali biyar, kuma lissafin ya haɗa da wanda ke ɓoye a nama da gyaɗa da ƙosai da fanke. A ganina babban cokali biyu na man girki ya ishi babba a yini, yaro kuma ɗaya. Kwalbar da muke awo da ita mai santilita 75 tana cin babban cokali 50. Gidan da ke da manya huɗu da yara shida zai ci cokali 14 a rana, kwalba ta yi kwana uku zuwa huɗu. In tana ƙarewa a yini guda, an yi yawa. In tana kaiwa mako biyu, a duba kwanon yara, don su ne ke biyan kuɗin wannan tattali.

Suya ma tana da ƙa'ida. Mai sayar da ƙosai ko awara ko kifi ba za ta iya zubar da mai kullum ba, kowa ya san tsadarsa. Abin da za ta iya shi ne ta zuba daidai na ranar, ta hana wuta kaiwa ga hayaƙi, ta riƙa kwashe ɓurɓushi, ta tace da ƙyalle mai tsabta in ya huce, ta rufe. Da ya yi duhu, ko ya fara kumfa, ko ya yi danƙo, ko warinsa na shaƙe maƙogwaro, ya gama aiki. Ƙara masa sabo ba ya gyara shi, sabon ne ke lalacewa. Irin wannan mai bitamin ɗinsa ya daɗe da mutuwa, kuma kada a juye shi a miyar yara. Akwai kuma kitsen da masana'antu ke daskararwa da gangan don bota da biskit da kek su daɗe a kanta, wanda likitoci ke kira tarans. Shi ne mafi sharri ga zuciya. Nijeriya ta ƙaddamar da doka a 2023 da ta hana shi wuce giram 2 a cikin kowane giram 100 na mai, amma botar da ake yankowa daga bokiti marar suna ba wanda zai ba ki tabbacinta.

Shekara ma tana da nata lissafi. Daga Maris zuwa Mayu mangwaro ya cika ko'ina, har yana ruɓewa a gindin bishiya. A bar yara su sha nunanne, wankakke, kuma ya fi amfani in an sha shi bayan abinci mai ɗan maiƙo ko tare da 'yar gyaɗa. Ba mangwaro ke kawo zazzaɓi ko gudawa ba, ƙuda ne da hannu marar wanki. Abin da hanta ta tara a waɗannan watanni shi ke raka yaro cikin damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. In ruwa ya zauna ganye ya wadata, sai a yi tanadin rani. A tsinko zogale da kuka da rama, a wanke, a baza a kan tabarma mai tsabta a cikin inuwa inda iska ke ratsawa, a ɗaki ko ƙarƙashin rumfa. Wanda aka shanya a tsakiyar rana ko a gefen kwalta yakan koɗe ya yi fari-fari, karotin ɗinsa ya ragu ƙwarai. Na inuwa kuwa yana bushewa da korensa shar cikin kwana uku ko huɗu. A daka, a tankaɗe, a zuba a gwangwani mai murfi. Wajen girki a sa shi dab da saukewa, kada ya daɗe a wuta, a kuma sassauta hannu da kanwa. Ga ɗan wata takwas, ƙaramin cokali ɗaya na wannan gari a cikin kunu mai kauri, da ƙaramin cokali ɗaya na jan manja, a juya har launin ya game, a ba shi da ɗuminsa.